Roƙo a kan tsofaffin hotunan hanyoyin ruwa da ba a san waɗanda ke cikinsu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato tsofaffin hotunan koguna da tafkuna da tashoshin jiragen ruwa da ke jibge a gidajen adana kayan tarihi da akwatunan mutane, alhali babu wanda ya san ko su wane ne a cikinsu, ko wane jirgi ne, ko a ina aka ɗauke su.

Shekaru kaɗan da suka wuce wani tsohon kundin hotuna ya shigo hannuna. A cikinsa akwai hoton mutum bakwai a tsaye a kan jirgin dakon kaya da aka ɗaure a bakin ruwa, a bayansu ga wani dogon ɗakin ajiya da ɓangaren wata gada. Da na juya bayan hoton ban tarar da komai ba sai tabon gam. Na kai wa wani dattijo da ya yi aikin jirgi a ƙuruciyarsa, ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan mutum uku ya faɗi sunayensu da aikin da kowannensu yake yi a jirgi. Ya ce na huɗun ma ya san shi, sunan ne ya kwanta masa, in dawo wani lokaci. Kafin in koma ya riga mu gidan gaskiya. Sunaye ukun nan na rubuta su tun a ranar, sauran huɗun kuwa har yau ina nema. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, a cikin abubuwa ukun da ake nema a irin waɗannan hotuna, wuri yakan jira mai bincike, jirgi ma sau da yawa yana da rajistar da ke jiransa, amma sunan mutum yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wani mutum, kuma wannan ba ta jira.

Duk da haka, wanda zai yi wannan aiki da kyau ya kamata ya fara da wurin, domin sai an san wurin ake sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa a yi tambaya. A nan hoton bakin ruwa ya fi hoton cikin gari wahala. Kogi yana cin gaɓa ɗaya ya tara yashi a ɗayar, tsibiri yakan fito ya kuma ɓace, kuma wuri ɗaya idan aka ɗauke shi lokacin cikar ruwa aka sake ɗaukarsa lokacin janyewarsa, sai ka rantse wurare biyu ne. Wani wurin ma babu shi yanzu gaba ɗaya. Tsohon garin Wadi Halfa na ƙasar Sudan ya nutse a ƙarƙashin tafkin da madatsar ruwa ta Aswan ta tara a kogin Nilu a shekarun 1960, haka nan tsohuwar Bussa ta shige ƙarƙashin tafkin Kainji a 1968. Duk wanda ke riƙe da hoton tashar jirgi ta ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ba shi da inda zai je ya tsaya ya kwatanta. Saboda haka masu wannan bincike sukan ɗauke ido daga ruwan su mai da shi ga abin da ba ya ƙaura: siffar duwatsu da tuddai a can nesa, yawan ƙafafun gada da tazarar da ke tsakaninsu, hasumiya, rufin ɗakin ajiya, matakalar da ke gangarawa cikin ruwa. Jirgin da aka ɗaure ta goshi kaɗai yakan juya ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, wannan kuwa yana nuna ta ina kogin ke gangarawa, daga nan sai a gane a wace gaɓa mai hoton ya tsaya.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa, shi ne hoton da aka wanke a juye. Hotunan farko-farko, irin wanda Louis Daguerre ya fito da shi a Faransa a 1839, yawancinsu kamar madubi suke, dama ta koma hagu. Ko bayan wannan zamanin, mai wanki yakan kifa gilashi ko fim ta gefen da ba daidai ba, sai gadar da ke gabas ta koma yamma. Mutum sai ya share watanni yana neman inda kogi ya karya ta hagu, alhali ta dama ya karya. Idan akwai rubutu a jikin jirgi ko a bango, shi ne zai tona asirin nan da nan, shi ya sa nake ganin duba rubutu ya kamata ya zama aikin farko kafin a ce komai.

Gine-ginen bakin ruwa kuma su ne suka fi taimakawa wajen ƙayyade lokaci, domin an san shekarar da aka yi su. An buɗe mashigin ruwan Suez na ƙasar Masar a 1869, an kafa mutum-mutumin Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin, a bakinsa a Port Sa'id a 1899, aka tumɓuke shi a ƙarshen 1956. Ke nan duk hoton da ya nuna shi a tsaye a kan gindinsa yana tsakanin 1899 da 1956 ne. A Landan, hoton kogin Thames da ya nuna gadar Tower a kammale ba zai gabaci 1894 ba. A Anderton ta Ingila akwai wata na'ura da ke ɗaga jirgi daga kogin Weaver ta ɗora shi a kan hanyar ruwan da aka haƙa a sama da shi. An gina ta a 1875, aka sake mata fasali a 1908 lokacin da aka mai da ita mai aiki da lantarki, aka ƙara mata manyan ƙarafa da ƙafafun jan igiya a ka. Wanda ya san wannan, da kallo ɗaya zai raba hotunanta gida biyu. Ko tuta tana magana: tutar Amurka mai taurari 48 ta yi aiki ne daga 1912 zuwa 1959, saboda haka idan hoton ya fito sosai har ana iya ƙirga taurarin tutar da ke bayan jirgi, an sami iyaka. Da irin waɗannan ake matse tazara, a ce hoto bai gabaci shekara kaza ba, bai kuma wuce shekara kaza ba, kuma wannan ya fi a zaɓi shekara ɗaya da ka a rubuta.

Takardar hoton ita ma shaida ce. A Birtaniya sai a 1902 aka yarda a raba bayan katin hoto na gidan waya gida biyu, gefe ɗaya na saƙo gefe ɗaya na adireshi, a Amurka kuwa sai 1907. Kan sarki da hatimin gidan waya suna nuna ranar da aka aika katin, amma a kula, ranar aikawa daban take da ranar ɗauka, domin masu buga waɗannan katuna sukan yi shekaru suna sayar da hoto ɗaya, wani lokaci har su shafa masa launi ko su goge wani abu daga ciki. Haka kwanan watan da ake bugawa a bayan hotunan baya-bayan nan, na ranar wanki ne, fim kuwa yakan yi watanni a cikin kyamara kafin a kai shi wanki.

Jirgi shi ne ya fi daɗin bincike, kuma a nan ne aka fi yin gaggawa a yi kuskure. Suna kaɗai ba ya isa, domin jirage da yawa sukan ci suna ɗaya, kuma idan jirgi ya sauya hannu sabon mai shi yakan sauya masa suna ya sake masa fenti. Lamba ita ce abin riƙewa. Tun 1855 Birtaniya take ba kowane jirgi mai rajista lamba ta dindindin, wadda ake sassaƙawa a jikin babban ginshiƙinsa, kuma ba ta canzawa ko da an canza suna sau nawa. Manyan jiragen zamanin nan suna da lamba mai alƙaluma bakwai ta hukumar kula da sufurin teku ta duniya, ita ma tana bin gangar jirgin har ranar da za a farfasa shi. A hanyoyin ruwan cikin ƙasa na Ingila, inda iyalai sukan zauna a cikin jirgin dakon da suke aiki da shi, wata doka ta 1877 ta wajabta yi wa irin waɗannan jirage rajista a wurin hukumar lafiya ta gari, aka kuma riƙa rubuta sunan garin da lambar a jikin ɗakin jirgin. Littattafan wannan rajista sun ƙunshi sunan mai jirgin da na matuƙinsa da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki. Ka ga ke nan lamba uku ko huɗu da aka hango da gilashin ƙara girma tana iya kai mutum ga sunan iyali guda. Inda babu lamba sai a koma ga siffa: launi da zanen bututun hayaƙi, wanda kowane kamfani yake da nasa, yawan tagogi, ko filafilin jirgin a gefe yake ko a baya, da yadda aka fafe goshin kwale-kwale, domin masassaƙan kowane yanki suna da hannunsu, kuma tsohon masunci ko mai fito yakan gane wannan hannu kamar yadda ake gane rubutun aboki.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma babu inda wannan magana ta fi zama daidai kamar a jirage 'yan uwan juna da aka ƙera a ma'aikata ɗaya da zane ɗaya. Bayan nutsewar Titanic a 1912, hotuna da dama da aka yi ta bugawa da sunansa na ɗan uwansa ne, Olympic, wanda ya riga shi fara aiki da kusan shekara guda kuma aka fi ɗaukarsa a hoto. Masana sukan bambanta su ne ta baranda ta sama, wadda a Titanic aka rufe rabinta na gaba da tagogi, a Olympic kuwa aka bar ta a buɗe. Idan jirgin da duniya duka ta san labarinsa ya sha wannan ruɗani fiye da shekara ɗari, ina ga ƙaramin jirgin dako da ba a taɓa rubuta sunansa a jarida ba?

Yanzu sai mutane, waɗanda saboda su na ɗauki alƙalami. A ranar 26 ga Afrilun 1865 wani mai hoto ya ɗauki jirgin Sultana a garin Helena da ke bakin kogin Misisipi a Amurka, cike maƙil da sojojin da aka sako daga sansanonin fursunonin yaƙi. An yi masa rajistar ɗaukar mutum 376, amma a ranar yana ɗauke da fiye da dubu biyu. Kashegari kafin asuba tukunyar tururinsa ta fashe kusa da Memphis, mutum fiye da dubu suka halaka. An san sunan jirgin, an san garin, an san ranar, akwai ma jerin sunayen da yawa daga cikin fasinjojin, amma cincirindon da ke tsaye a kan jirgin a cikin hoton ba a iya cewa wannan wane ne, wancan wane ne. A hotuna na yau da kullum matsalar ta sha bamban da wannan, ta kuma fi ciwo, domin fuskokin a bayyane suke, rubutawa ce ba a yi ba. Mai hoto yakan rubuta sunan kyaftin da na babban fasinja, sa'an nan ya haɗa sauran a kalma ɗaya, ya ce ma'aikatan jirgi, ko masu fito, ko 'yan dako. Mai zuba kwal a wuta, da mai riƙe igiya, da matar da ke riƙe da akalar jirgi da goyo a bayanta, da yaron da ke jan dabbar da ke jan jirgin daga gaɓa, su ne suka yi aikin, su ne kuma aka bari babu suna. A ganina mayar musu da sunayensu haƙƙi ne da suke bin mu.

Sai dai wannan haƙƙi ba ya biyuwa da suna na ƙarya. Ina ganin gara a bar hoto babu suna da a liƙa masa sunan da ba nasa ba, domin gurbin da aka bari a buɗe yana kiran mai bincike, wanda aka cike da kuskure kuwa ya rufe ƙofa. Da zarar an buga suna a ƙarƙashin hoto sau ɗaya, wani zai kwafa, na uku ya kafa hujja da na biyu, kafin shekara goma zato ya zama tarihi. Kuma kowa yana son ya ga kakansa a tsohon hoto, wannan son kuwa yana sa ido ya ga kamar da babu ita. Maganin wannan shi ne abin da malamai suka daɗe da sani a wajen karɓar labari, wato isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya ga mutumin da idonsa ko labarinsa aka ba shi, a wace rana ya faɗa. Idan za a nuna wa dattijo hoto, kada a ce masa, wannan ba wane ba ne? Kunya ko son faranta rai za su iya sa ya amsa da i. A miƙa masa kawai a yi shiru, a bar shi ya yi magana, a rubuta kalamansa yadda ya faɗe su har da inda ya yi shakka, in ya yarda a naɗi muryarsa. Sa'an nan a nuna wa wani dabam, ba a zama ɗaya ba. Idan bakinsu ya zo ɗaya ba tare da sun ji juna ba, an sami abin dogara. Laƙabi ma a rubuta shi, domin mutanen ruwa sun fi sanin juna da laƙabi, kuma sau da yawa shi ne zaren da zai kai ga cikakken suna.

Dole in ja kunne game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake amfani da su yanzu wajen gyara tsofaffin hotuna da sa musu launi. Manhajar ba ta san fuskar mutumin ba, ƙirƙiro masa ido da baki take yi daga fuskokin wasu, kuma takan mai da harafin da ya dusashe a jikin jirgi wani harafi dabam. Wanda ya so ya yi wannan don ado ya yi, amma kada a kafa hujja da shi, kada kuma a yaɗa shi ba tare da na asalin a gefensa ba.

Ga masu irin waɗannan hotuna a gida, roƙona kaɗan ne. A rubuta abin da aka sani a bayan hoto da fensir mai taushi, domin tawadar biro tana ratsa takarda. Kada a manne hoto a cikin leda da zafi, kada a yanke gefensa, domin sau da yawa shaidar tana can a kusurwa. Kada a wargaza kundi, saboda jerin da mai shi ya bi yakan nuna tafiyar da ya yi tasha bayan tasha, kuma hoto ɗaya da aka gane yana haska na gabansa da na bayansa. In za a ɗauka a kwamfuta, a ɗauki gaba da baya, da girman da zai bari a karanta ƙananan rubutu.

Neman taimakon jama'a a wannan aiki abu ne da aka gwada aka ga amfaninsa. A watan Janairun 2008 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ɗora hotuna kusan dubu uku a dandalin hotuna na intanet mai suna Flickr ya roƙi mutane su faɗi abin da suka sani, mutane kuwa suka yi ta gano wurare da sunaye, har ma'aikatan suka gyara bayanan da ke cikin kundinsu. Amma waɗanda suka fi kowa sanin tsofaffin jirage da ma'aikatansu tsofaffi ne, da yawansu ba sa hawa intanet, sai dai a karanta musu jarida ko jika ya nuna musu a waya. A nan ne nake ganin jaridarka tana da rawar da za ta taka.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a mako ka riƙa buga hoto ɗaya irin wannan, da girma yadda za a ga fuskoki, tare da duk abin da ke rubuce a bayansa da bayanin inda ya fito. Ka sa wa mutanen ciki lamba daga hagu zuwa dama don kada amsoshi su cakuɗe. Duk wanda ya aiko da amsa a nemi ya faɗi yadda aka yi ya sani. Idan za a buga amsoshin a rarrabe su, a ce wannan an tabbatar da shi da takarda ko da shaidu biyu, wannan zato ne mai ƙarfi, wannan kuwa hasashe ne. Idan daga baya aka gano kuskure, a buga gyaran a gurbi ɗaya da girma ɗaya, kuma a aika wa gidan tarihi ko iyalin da ke riƙe da hoton kwafin duk abin da aka samu, don ya zauna tare da hoton. Idan iyalin wani da aka gane suka nemi kada a buga sunansa, a mutunta su, a ajiye sunan a rubuce a wurin mai hoton.

Idan ka amince da wannan shawara, a shirye nake in aiko da hoton mutum bakwai ɗin nan, gaba da baya, tare da sunaye ukun da marigayin ya ba ni da ranar da ya faɗe su, ya zama na farko da za a buga.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum